Kumburin Hannun Rahila

Talata, 14 ga Maris, 2006
Bukan Sidi, Lafiya

Yau kwana uku da aka yi wa ƴata Rahila allurar gwajin tarin fuka a hannu. Da kaina na ɗora rula na auna, wurin ya kumbura. Shekararta huɗu, sati biyar tana tari, kuma ba ta iya fitar da kaki ba balle in duba.

Abin da ke ci mini rai, kumburin bai gaya mini komai ba. Tana da tabon rigakafin tarin fuka na BCG, shi ma yana iya kumbura wurin haka.

Na sake ɗauko takardun da na yi fotokofi wajen kwas. Ƙwayar cutar ta gaske tana da wata ƴar kafa da take fitar da furotin masu huda ƙwayoyin jikin mutum. Ta cikin rigakafin BCG ta rasa ƙwayoyin gadon da ke gina kafar. Shi ya sa a ƙasashen waje jini kawai suke ɗiba, su ga ko jiki ya taɓa haɗuwa da furotin ɗin. Na gane komai sarai. Mu kuwa a ɗakin gwajinmu maikuroskof ɗaya ne, sai rini.

Da magariba matata ta ce, "Baban Rahila, kullum kakin mutane kake buɗewa. Gaya mini gaskiya, kai ka kawo mana?"

Sai na kama yi mata bayanin furotin. Ba ta bari na gama ba. Ta sa sanda ta ɗauki farar rigar aikina, ta rataye a mangwaron waje.

Har yanzu rigar tana can. Ban fita na ɗauko ba, don ni ma ban san amsar ba.