Taku Tara

Litinin, 3 ga Yuni

Yaya ta kira tun ban karya ba. Kwazazzabon da ke bayan gidansu ya ƙara cin ƙasa da ruwan jiya. Wai an kafa kwamiti, za a tashi gidaje goma sha biyu bana a ba su matsuguni, sauran sai baɗi. Kowane gida fom ɗaya, hoto ɗaya. "Auta, kai ne mai hoton gidanmu, yau ranarka ce." Shekara goma sha takwas ina ɗaukar hoton mutane, sai yau dangi suka tuna ina da amfani.

Laraba, 5 ga Yuni

Na je da la'asar. Abin ya fi yadda ta faɗa muni. Na taka da ƙafata daga bangon baya zuwa bakin ramin: taku tara. Bangon nan kuwa shi ne na ɗakin da Tela, mijinta, yake ɗinki.

Gilasan kyamara biyu na ɗauko, Gajere da Dogo, haka nake ce musu. Gajere yana haɗiye komai, gida da sama da ƙasa, amma yana tura abu nesa. Dogo kaɗan yake gani, sai dai yana zuƙo na nesa ya manna shi da na kusa.

Tela ya fito da tef ɗin awo a wuya, yana tsokanata kamar kullum. "Ƙanin mata, sa wancan mai kama da bindiga mana, ya tsorata su." Na ce shi ya taɓa jin na koya masa yanka wuyan riga? Ya yi dariya, Yaya ba ta yi ba. Ta ce, "Ni dai su ga yadda ya matso."

Gajere na sa. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin, rana ta ɓullo ta ƙarƙashinsa ta haske jar ƙasar ramin, wa zai bar wannan? Na durƙusa a kusurwar gidan na ɗauka. Komai ya shiga: gidan, shanyar Yaya, kwazazzabon tun daga farkonsa, har Tela can gefe ɗan mitsitsi yana ɗaga mini hannu. Rabon da in yi hoto mai kyan wannan har na manta.

Asabar, 8 ga Yuni

Na wanko hoton babba. Mai wankin hoto ya ce wannan gasa ya kamata ya tafi, ba ofis ba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Yaya ta daɗe tana kallonsa, ta sa a ambulan.

Alhamis, 20 ga Yuni

Babu sunansu. Rukuni na biyu, baɗi.

Juma'a, 21 ga Yuni

Na raka Yaya ofishin kwamitin. Injiniyansu bai ko ce mu zauna ba. Ya zaro hotona daga fayil, ya ɗora biro a kan filin da ke tsakanin bango da rami. "Hajiya, ai ku da sauranku. Nan ko ƙwallo a buga."

Na karɓa na duba. Gaskiyarsa. Taku taran nan Gajere ya miƙe su sun koma kamar arba'in. Na san yana yin haka, na sani sarai, ni da nake hana amare tsayawa a gefen hoto don kar ya ja musu fuska. Sama nake kallo ranar, ban kalli ƙasa ba.

Na ce masa taku tara ne, da ƙafata na auna. Ya ce ƙafata ba ta cikin fayil.

A hanya Yaya ta yi gaba abinta, ina biye. Da ta zage ni da ya fi mini.

Litinin, 24 ga Yuni

Na koma da Dogo. Na tsallaka can hayin, na zuƙo. Yanzu gidan kamar yana reto a bakin ramin, ko tafin hannu babu tsakani. Taku bakwai ne yau. Bayan na ɗauka Tela ya leƙo ta taga, "Ashe dai bindigar ce!"

Talata, 2 ga Yuli

Sau uku ina zarya kafin in samu injiniyan. Ya kalli sabon hoton ya yi tsaki. Wai kowa ya san wannan dabarar, zuƙowa na yi, rabin unguwar abin da suka kawo ke nan. "Wancan ka kawo da farko, lokacin ba ka da niyyar wayo. Shi na yarda da shi." Kuma an rufe fayil.

Na ɗaga murya, har masinja ya riƙe ni. Abin da ya fi ƙona mini rai, ban da bakin musu. Ɗaya ya nisanta, ɗaya ya matso, duka biyun ba su faɗi tara ba.

Lahadi, 7 ga Yuli

Na ce su dawo wurina, in bar musu ɗaki ɗaya. Yaya ta yarda. Tela ya ce keken ɗinkinsa da masu kawo aiki fa? Sai dai ya kwana nan, ya wuni can. Taurin kai kamar nawa.

Juma'a, 12 ga Yuli

Taku huɗu.

Litinin, 15 ga Yuli

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ruwan ya fara bayan azahar. Maƙwabta sun ce ba su ji wata ƙara mai yawa ba, kawai ƙarar keken ce ta tsaya. Sai dab da magariba aka ciro gawar Tela daga ƙarƙashin bangon da ya rufta.

Laraba, 17 ga Yuli

Wani ɗan jarida ya kira, wai ya ji ina da hoton wurin kafin abin ya faru. Na kashe wayar.

Kowa ya shigo sai ya ce kwana ne ya ƙare. Na sani. Amma ni ne na tsaya da gilashi biyu a hannu, na zaɓi wanda zai sa a yabe ni. Kunya nake ji, da baƙin ciki, da wani haushin kaina da ba ya barina in haɗiyi abinci.

Lahadi, 21 ga Yuli

Jakar kyamara na ƙarƙashin gado. Na mayar da aiki biyu.

Yaya tana ɗakin da na ba ta. Nakan wuce ƙofar da sauri kamar ɓarawo.

Litinin, 29 ga Yuli

Ita ta kira ni. Na shiga na rakuɓe bakin ƙofa, na ce a raina yau za a yi ta.

"Auta, hoton nan na farko, kana da wani?"

Na ce Yaya ki yafe mini, shi ne fa ya... Ta katse ni. "Na san abin da ya yi. Ina wurin aka ɗora masa biro." Sannan ta ce, "Amma shi kaɗai ne yake da gidan gaba ɗaya. Kuma yana ciki yana ɗaga hannu. Na biyun babu kowa."

Na wanko mata. Ta sa yatsa a kan ɗan mitsitsin mutumin nan na gefe, ta ce na mayar mata da miji ƙwayar gero. Muka yi dariya, daga nan kuma ba dariya ba ce.

Da zan fita ta miƙo mini tef ɗin awonsa. A cikin laka aka tsinto shi, ta wanke. Ta ce tsohuwar da ke maƙwabtaka da su ita ma rukuni na biyu ce, kuma an ce za a sake buɗe fayil saboda abin da ya faru.

Asabar, 3 ga Agusta

Na je, don Yaya ta matsa ne kawai.

Ban daɗe ina zaɓe ba. Na sa tsohon gilashin da ya zo da kyamarar, wanda ba ya faɗaɗawa, ba ya zuƙowa, wanda na daɗe da rainawa. Na shimfiɗa tef ɗin Tela a ƙasa daga gindin bango, na danne bakinsa da dutse, na tsaya daga gefe yadda lambobin za su fito. Tef ɗin ɗinki ne, ina tunanin sai na ninka shi sau da yawa. Tsawonsa ɗaya ya kai bakin ramin, har ya sauka da ɗan saura.

Hoton ba shi da kyau ko kaɗan. Bango, laka, ƙafar tsohuwa cikin silifa. Ta leƙa ta ce, "Ɗan nan, ina saman? An ce kai gwanin ɗaukar hadari ne." Na ce Baba, yau babu sama.

Akwai gidaje shida a layin. Na ce musu zan dawo gobe, in ba a yi ruwa ba. Ko an yi ma.

Tef ɗin yana aljihun jakar, inda Gajere yake zama da.