Ya Yanke Gaisuwata Daga Bidiyon, Ni Kuma Na Yi Shiru

Assalamu alaikum mai kula da shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci, don ni ma ban wanke kaina ba.

Ina aiki da wani kamfanin iri da maganin gona a Funtua. Aikina koya wa sababbin masu feshi haɗa magani, goya famfo da tafiya a kunya. Ina da abokin aiki, bari in kira shi Lawal. Ni na kawo shi kamfanin, ni na tsaya masa, kwano ɗaya muke ci da rana, Yaya yake ce mini. Bara ya kawo shawara mai kyau: ya ɗauke ni bidiyo ina koyarwa, sababbi su kalla a waya a gida, sannan su zo gona in bi bayansu ina gyara musu. Wallahi na ji daɗi, don bakina ya gaji da maimaita abu ɗaya. Na sha rana a wata gona a Bakori yana ɗauka.

Ashe a bayan idona ya je ya gaya wa manaja bidiyo ya wadatar, fita gona ɓarnar mai ce, wai ni da kaina na yarda. Aka ba shi shugabancin horarwa, ni aka tura ni sito. A bakin direba na ji. Da na tare shi sai ya ce, "Haba Yaya, hutu na nema maka. Ba gwiwarka ke ciwo ba?" Ciwon da na faɗa masa don na ɗauke shi ɗan'uwa, shi ya kai ofis ya ture ni da shi. Wane irin mutum ne zai yi haka, washegari kuma ya zo ya sa hannu a kwanonka?

Da na kalli bidiyon sai na ga ya yanke farkonsa, inda nake gaisawa da mai gona, wai surutu ne mai cin data. To a cikin gaisuwar nan aikin yake. Manomanmu ba sa barin masara ita kaɗai, in ta yi ƙwari sai su shuka wake a tsakani. Maganin ciyawar da ke bidiyon kuwa yana daɗewa a ƙasa, wake ba ya rayuwa a bayansa. Shi ya sa bayan "ina gajiya, ya iyali" nake tambaya, "Baba, bana za a sa wake a ciki?" In ya ce e, sai a canza magani.

Na gani, na gane, na ja bakina na yi shiru. Na ce bari bidiyon nasa ya kunyata shi a gaban manaja. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma abin da ke raina ke nan.

Sai dai ba a kan Lawal abin ya faɗa ba. A kan Malam Idi ya faɗa, ɗaya daga cikin sababbin masu feshinmu, wani magidanci daga wajen Kafur da ya sayar da babur ɗinsa ya sayi famfo. Ya fesa wa mutanen ƙauyensu gonaki yadda ya gani a waya, wakensu ya tsiro, ya yi rawaya, ya mutu. Sun kai shi gaban dagaci, Lawal kuma ya ce wa manaja Idi ne bai bi bidiyon ba, a kore shi. Shekaranjiya Idi ya same ni a sito, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Malam, muryarka ce a ciki. Don Allah nuna mini inda na kauce." Bai kauce ko taku ɗaya ba. Abin da na iya ce masa kawai shi ne sai haƙuri.

Ran Litinin manaja zai zauna da mu, ni aka ce in faɗi ko laifin Idi ne. Lawal ya zo yana cewa, "Yaya, ka rufa mini asiri, ina da iyali." Shi Idi ba shi da su ne? In na faɗi gaskiya za a tambaye ni tun yaushe na sani, kuma Idi yana zaune zai ji cewa na san wakensu zai mutu tun kafin ya goya famfo.

Jama'a, me zan yi?