Ni Na Ɗauki Zanen Adda, Mai Wankan Gawa Anka Ɗora Wa

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, da ku masu karantawa, ina gaishe ku da kyau. Don Allah a ɓoye sunana, kuma wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna, don zagin da nike yi wa kaina ma ya ishe ni. Karatuna bai yi nisa ba, in kun ga rubutu ya karkace ku yi haƙuri.

Ni matar gida ce a Unguwar Rogo, ba ni da yawo, daga ɗaki sai murhu sai hira da maƙwabta ta kan katanga. Mu biyu uwarmu ta haifa, ni da yayata da nike kira Adda. Bara Allah Ya karɓi abinSa, Adda ta bar ɗiya guda, budurwa, bari in ce da ita Nafisa. Adda na da wani baƙin zanen saƙi, na kakarmu ne tun suna zaune Ƙofar Rini, har yau in kin murza shi sai ya bar miki shuni ga yatsa. Kowa a dangi ya san Adda ta ce da shi za a lulluɓe Nafisa ranar kai ta ɗaki. Ranar rasuwar da shi anka yi labule wurin wanka. Gwaggo Tumba, tsohuwar da ke wanke gawar mata a layinmu, ita ta ninke shi ta miƙo mini a bakin ƙofa, ba idon kowa, ta ce in adana wa marainiya. Na kai gida na sa ƙasan akwati, kuma Allah Ya sani a ranar niyyata alheri ce.

To dangin mijina mutanen Arkilla ne, ma'aikata, masu mota. Ni kuma kunnena bai barin komi ya wuce, abin da ya cuce ni ke nan. Wurin wani suna ina tuƙa musu tuwo na ji ƙanwarsa tana gaya wa ƙawarta cewa matar Yaya kullum shigarta kamar wadda za ta kai niƙa. Sunka yi dariya ƙasa-ƙasa. Shekara nawa ina ƙona hannuna a tukunyarsu? Wa ya taɓa cewa sannu? Da bikin autarsu ya matso na rantse sai sun gan ni sun sake kallo. Wata maƙwabciya ta ɗauke ni a keke napep zuwa wani butik can Arkilla, mai gilas da sanyi da ƙamshin turare. Gefe guda sabbin abayoyi, ɗaya gefen kuma abin da mu muka sani da gwanjo, amma an goge an rataye, wai sunansa kayan da. Mai shagon ta ce tsofaffin saƙi take nema ido rufe, 'yan mata na ɗinka su suna ɗaukar hoto, duk mai shi ta kawo ta zaɓi abin da ranta ke so. Ni kuwa hannuna na kan wata abaya ruwan toka mai duwatsu, na kasa saki.

Kwana uku ina gardama da zuciyata. Na ce Nafisa 'yar boko ce, mi za ta yi da tsumma mai zubar da shuni? Na ce Adda ta riga ta tafi, ba ta gani. Rana ta huɗu na rufe fuska da niƙabi na kai zanen, na dawo da abaya a leda. Kun san abin da na samu ranar bikin? Ƙanwar mijin nan ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "A'a, yau aron wa anka yi?" Shi ke nan. Don wannan kalma na ci amanar 'yar'uwata tana kabari.

Watan jiya anka sa ranar Nafisa. Ta tafi da ƙawayenta neman kayan fitar biki, ƙafarsu ta kai su shagon nan. Ta ga zanen an raba shi biyu, rabi an riga an ɗinka wa wata riga, rabi na rataye a bango. Ta gane shi da wurin da garwashin turare ya taɓa ƙonawa, Adda ta cike da jan zare. Ta tambayi mai shagon wa ya kawo, ta ce wata mata ce cikin niƙabi, ita ba ta bin fuskar mutane. Yarinyar nan ba ta zarce ko'ina ba sai ɗakina, ta faɗa jikina tana kuka. Ta ce, "Inna, wa ya riƙe shi daga ƙarshe?" Da na yi shiru ma da ya fi. Sai na ji bakina ya ce, "Ni dai hannun Gwaggo Tumba na gan shi."

Nafisa ta gaya wa dangin ubanta, kafin kwana biyu magana ta cika layi, wai mai wanka na kwashe kayan matattu tana kai wa masu shago. Tun daga nan mata biyu sunka rasu a layinmu, duka daga wata unguwa anka ɗauko mai wanka. Gwaggo Tumba kuwa tun ina yarinya take wannan aiki, ba ta taɓa karɓar ko goro ba, ita ta wanke uwarmu ta wanke Adda. Ranar rasuwa ta biyu na hango ta zaune bakin zaurensu da hijabinta a jiki, ta shirya tana jira a kira ta, har anka fita da gawa ba wanda ya dubi inda take.

Shekaranjiya da hantsi ta shigo gidana tana dogara sanda. Ba ta ɗaga murya ba. Munka gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Ɗiyata, ba ke na miƙa wa ba? Ko tsufa na ya ruɗe ni?" Na ce Gwaggo ranar ba ni cikin hayyacina, ban tuna komi ba. Ta daɗe tana kallona, ta ce, "To, Allah Shi tuna muna." Ta roƙi ruwa, na ba ta, ta sha ta sa mini albarka ta fita. Wallahi da mari ta yi mini da na fi samun sauƙi.

Ina jin haushin ƙanwar mijina, ina jin haushin mai shagon da ta sa almakashi a zanen kakarmu, amma in na zauna na san ba su sunka buɗe akwatina ba. In na faɗi gaskiya, Nafisa da ke cewa ni kaɗai na rage mata uwa, da wane ido za ta dube ni? Mijina in ya ji, danginsa sun samu abin dariya har in mutu. In kuma na yi shiru, tsohuwar nan za ta shiga kabari da sunan ɓarauniyar gawa, kuma ni na laƙa mata.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Nafisa ta ce ni ce uwar biki, ni zan kai ta ɗaki, kuma ta ce ba ta son ƙafar Gwaggo Tumba a gidan bikinta. Ta ce tunda ni ce babba, ni zan je in gaya mata kafin Jumma'a. Yau Laraba. Don girman Allah ku faɗa mini, in na tsaya gaban tsohuwar nan, mi zan yi?