Makirfon da Na Ɗaura Baibai

Litinin, 3 ga Maris

An sa rana. Ashirin ga wata za a yi wa Baba aikin maƙogwaro. Likita bai ɓoye mana komai ba, ya ce ciwon ya ci wurin da murya ke fitowa, sai an cire shi gaba ɗaya. Zai rayu in Allah Ya so, amma magana irin wadda muka sani ta ƙare. A mota muna dawowa Baba ya ce, “To Ummansu, kin huta da surutuna.” Umma ta harare shi ta juya fuska wajen taga.

Ni abin da ya tsaya mini a rai waƙoƙinsa. Shekara talatin yana tuƙin babbar mota, duk inda ya yada zango sai ya jawo tsohuwar gitarsa ya shirya waƙa. Sun kai goma sha biyu. Ba ko ɗaya a rubuce, ba ko ɗaya a naɗe. Saura kwana goma sha bakwai.

Laraba, 5 ga Maris

Na tashi daga ɗakin gwajin jini inda nake aiki da wuri na wuce shagon kayan sauti. Mai shagon, wanda kowa ke ce wa Injiniya, ya ce wayar hannu ba za ta iya naɗin ba, muryar tsoho mai rauni tana son makirfon kondensa. Ya kwance kan wani ya nuna mini faifan da ke ciki, faɗinsa kamar murfin kwalba, siriri kamar ɓawon albasa. Wai girman faifan ne ke kama kaurin murya, kuma zai ɗauki gitar ma. Na ce ni fa ba situdiyo zan buɗe ba. Ya yi dariya ya ɗauko mini mai sauƙin kuɗi, ya ce, “Hajiya, wannan ba ya jin kunyar manyan.”

Abu biyu ya ja mini kunne a kai. A danna maɓallin da aka rubuta 48 a jikin ƙaramin akwatin da ke haɗa shi da kwamfuta, in ba haka ba gunki ne kawai. Sannan ba ta kansa ake magana ba irin na masu sanarwa, ta gefe ne, gefen da ke da ɗan ɗigon zinare. “Nan ne fuskarsa. Bayansa rabin kurma ne.” Na rubuta a tafin hannuna kamar 'yar makaranta.

Alhamis, 6 ga Maris

Innalillahi. Wannan abu har numfashin firji yana ji.

Na sa abin saurare a kunne na kunna, sai ga gidanmu gaba ɗaya ya shigo mini kai. Agogon bango. Fanka. Silifas ɗin Umma. Famfon banɗaki da ke ɗiga tun bara ba wanda ya kula. Cikina ma da ya yi ƙugi na ji shi. Ta yaya zan naɗi murya mai tsabta a cikin wannan kasuwa?

Asabar, 8 ga Maris

Na kwashe barguna huɗu na rataya a ɗakin Baba. Na cire wa agogo batir, na kashe firji, na ɗaure famfo da tsumma. Na lanƙwasa wayar ƙarfe na saka mata safa na kafa a gaban makirfon don kada iskar baki ta buge shi. Baba ya dube ta ya ce, “Auta, safar nan an wanke ta kuwa?”

Mun fara waƙa ɗaya. Sau tara na tsayar da shi. Babur ya wuce, maƙwabcinmu ya ja ƙofar ƙarfe, kujera ta yi ƙara. A na tara muryar ta dushe, ya ajiye gitar ya ce gobe.

Lahadi, 9 ga Maris

Bai iya ba yau. Ruwan ɗumi kawai yake kurɓa.

Kuma na manta ban mayar da firji ba, duk abin da ke ciki ya lalace. Umma ta kwashe ta zubar ko kallona ba ta yi ba, wanda ya fi faɗan ciwo.

Talata, 11 ga Maris

Na yi wa Umma tsawa. Ni, da bakina. Muna tsakiyar waƙa ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da kofin magani, awarwaronta ya yi ƙara, na ce, “Haba Umma, don Allah ki bar wurin nan mana!” Ta tsaya kallona, sannan ta ce, “Dama ni waƙoƙin direbobin nan ba su taɓa damuna ba.” Ta tafi. Tun muna yara haka take faɗa, wai shirme ne, wai da ya yi ta kaɗa gita gara ya gyara mata murhu.

Na goge naɗin. Na goge na ranar Asabar ma, don na ji tari a ciki. Yanzu ba ni da komai. Kwana tara.

Juma'a, 14 ga Maris

A wurin aiki na kusa liƙa sunan wani a kwalbar jinin wata. Abokiyar aikina ce ta riƙe mini hannu. Ta ce in nemi hutu. Hutun me? In na zauna ma lissafin kwanaki nake yi.

Yaya ya kira daga inda yake aiki yana tambaya waƙa nawa aka samu. Na ce ana kai. Ƙarya ce tsagwaronta.

Lahadi, 16 ga Maris

Waƙa biyu, rabi-rabi. Muryar tana tafiya ina ji a kunnena, kowace rana wani yanki ya gutsure. Makirfon nan ba ya rufa wa kowa asiri, har yadda yake haɗiyar miyau da ƙyar yana kawo mini.

Da na sake ɗaga hannu zan tsayar da shi, Baba ya ce, “Auta, ke fa da kin sa abin nan a kunne sai fuskarki ta koma ta mai duba sakamakon gwaji. Ina ganinki waƙar take guduwa.” Na shiga banɗaki na yi kukana, famfo yana ta ɗiga ta cikin tsumman.

Laraba, 19 ga Maris

Gobe ne. Da safe ya tashi da ɗan ƙarfi ya ce yau zai yi, amma da sharaɗi. A falo, a kujerarsa, ba barguna. Ba zan sa komai a kunne ba, ba zan tsayar da shi ba ko rufin gida ya faɗo. Na yarda. Na kwance makirfon a gurguje na sake ɗaura shi a falo. Na danna 48, na ga layin yana motsi a kwamfuta, na ture ta gefe na zauna a ƙasa.

Ya yi bakwai a jere. Bakwai! Rabona da jin sa haka tun ina firamare. Ta ƙarshe ita ce ta dawowa gida, wadda yake cewa, “Na kashe mota, na taka ƙofa, wa ya bar mini ruwa a buta.” A tsakiya ya ɗan tsaya kamar ya manta, sannan ya kama ya kai ta ƙarshe. Ya shafa gitar ya ce, “Shi ke nan, na sauke kaya.”

Da la'asar muka kai shi asibiti aka ba shi gado. Da na dawo ɗaukar masa kaya na ce bari in saurara minti ɗaya.

Baibai na ɗaura makirfon. Ɗigon zinaren yana kallon ƙofar kicin, bayansa ne ke kallon Baba. Muryarsa tana can nesa kamar daga ɗakin maƙwabta. Na kashe, ban iya kai ko minti ɗayan ba. Kwana goma sha bakwai aka ba ni. Wayyo Allah, ni wace irin mutum ce?

Alhamis, 20 ga Maris

Awa shida. An fito da shi lafiya. Alhamdulillahi. Ban gaya wa kowa zancen naɗin ba.

Talata, 25 ga Maris

Yau na daure na saurara har ƙarshe, don in san iyakar ɓarnar.

Ana jin Baba, can baya, shi da gitarsa. Amma a gaba, kusa kamar a kafaɗata, akwai wata murya. Umma ce. Ashe tana tsaye a bakin ƙofar kicin a bayana tun daga waƙar farko, ta cire awarwaronta don kada in ji. Tana bin sa ƙasa-ƙasa, kalma bayan kalma, duk bakwai ɗin, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Inda ya tsaya ya manta, ita ce ta raɗa, “ruwa a buta, malam,” ba don ya ji ba, don bakinta ya riga ta. Daga nan sai jan hanci.

Matar da ta ce shirme ne.

Na kai wa Injiniya kwafi. Ya saurara ya ce zai iya ɗago muryar tsohon ya danne ta matar, ba za ta yi kyau sosai ba amma za ta saurru. Ya ce in zo ranar Asabar.

Alhamis, 27 ga Maris

Na gaya wa Baba. Yanzu da allo da alli yake magana. Na ce na yi kuskure, na ɓata masa waƙoƙi, amma Injiniya zai gyara naɗin, don Allah ya yafe mini. Ya miƙo hannu na sa masa abin sauraren. Ina ta kallon fuskarsa. Can sai ya ɗago ya dubi Umma, tana gefen gado tana ninke tawul ba ta san me ake ciki ba. Ya daɗe yana kallonta har ta ce, “Lafiya? Me na yi kuma?”

Ya jawo allon ya rubuta: Kada ki taɓa shi. Ya ja layi biyu a ƙasa.

Asabar, 5 ga Afrilu

An sallamo shi shekaranjiya. Ban koma wurin Injiniya ba, Asabar biyu ke nan, ayyuka sun yi yawa.

Makirfon yana nan a falo, na kasa samun lokacin mayar da shi kwalinsa. Ɗazu na tarar yana kunne yana ta naɗi tun safe, wataƙila mantuwa na yi. Firji na ta gurnani a ciki, agogo, famfon nan da har yau ba a gyara ba. Umma tana mita a kan wanda ya bar kofi a kujera. Sai ƙwanƙwasa biyu a kan tebur, yadda Baba ke kiranta yanzu, ita kuma daga kicin ta ce, “Na'am, malam, ina zuwa.”

Ban goge ba. Akwai wuri a kwamfutar, ba wani abu ba.