Audugar Inna da Ramin WAN

Zuwa ga yayata Bibata a Agadas,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya raba ku da zafin arewa. Mu nan Gaya alhamdu lillahi, kogi ya cika, kifi ya samu. Inna tana nan da ƙarfinta, sai dai idon nan da ke ƙara dushewa, har likita ya ce kada mu sa rai da yawa.

Kin dai ji matar ɗan'uwanmu Yazidu ta haihu a Abijan, mace. Tun ranar da labari ya zo Inna ba ta da zance sai ɗaya, wai tana so ta ga jaririyar ranar suna tun idonta na iya rarrabe fuska. Kin san rabon Yazidu da gida an jima, kuma rezon waya na unguwarmu ba shi da ƙarfin ɗaukar kiran bidiyo, shi ya sa ya sa aka kafa mana anten bisa soro, da rutar, ƙaramin akwatin nan mai raba wifi cikin gida. To, ana gobe suna muka ce bari a shafe ɗakin Inna da farar ƙasa saboda baƙi, aka zare kabil, igiyar da ke haɗa anten da rutar, aka ajiye rutar bisa gadonta. Kin san Inna da zanzaro! Ba ta ganin rami a gidan nan ta ƙyale, ko na makulli ne, gudun kada ya yi gini a ciki. Da ta laluba bayan akwatin ta ji ramuka biyar a jere, sai ta tsinko auduga ta toshe su tsaf.

Da safe yaya Alfari ya zo maidawa. Ya yi ta faɗa, ya zare audugar ramin da ya fi kusa da hannunsa, ya cusa kabil ɗin anten, wai ai rami rami ne. Fitilu suka kama, wifi ya cika fal a wayoyinmu, amma ko gaisuwa ba ta fita. Ya kashe ya kunna, ya hura, ya hau soro ya girgiza anten, a ƙarshe ya ɗora wa ƴan kuran, masu wutar lantarki, laifi. Can Abijan kuwa an taru, liman ya zo. Inna ta ci ado tun asuba ta zauna bakin gado, tana ta jan carbi. Wallahi Bibata, zuciyata ta karye da na dube ta.

Ni ce nan, Ajumarki da kuke cewa ban iya komai ba sai suyar kifi, na kira Rabo wanda ya kafa anten, yana Doso a lokacin. Ya ce in juya akwatin in karanta abin da ke ƙarƙashin kowane rami. Huɗu rawaya ne, an rubuta LAN, ɗaya shuɗi a gefe shi kaɗai, an rubuta WAN. Ya ce LAN na cikin gida ne, nan ake haɗa tele ko ordinater, wato kwamfuta, su ji juna su kaɗai. WAN kuwa shi ne hanyar waje, kamar gadar Malanbil ta kan iyakarmu, duk abin da zai shigo ko ya fita ta nan zai bi. Ashe yaya a LAN ya cusa, shi ya sa wayoyi ke ganin akwatin amma akwatin ba ya ganin duniya. Na sa tsinken tsintsiya na zaƙulo audugar shuɗin, na mayar da kabil, ya ce ƙas. Yaya yana tsaye yana cewa zan ɓata wa mutane kaya, sai ga kiran Yazidu ya shigo.

Na kai wa Inna wayar dab da fuskarta. Yazidu ya ɗago jaririyar, ya ce an raɗa mata Zainabu, sunan Inna. Ta daɗe tana kallo, ta shafa gilashin da yatsa, sannan ta ce, “Na gan ta. Goshina ne.” Kuka muka yi gaba ɗaya, har yaya Alfari. Ba zan ɓoye miki ba, ranar kaina ya fi ƙofar gidanmu girma, kuma har yau bai sauka ba.

Yanzu Inna ta sake toshe rawayan huɗu da auduga, mun bar ta. Shuɗin kuwa kullum da safe sai ta laluba ta ji kabil na ciki, ta ce wannan ƙofar Yazidu ce, kada wanda ya taɓa.

Ki gaida maigidanki Malam Siddo, da Latifa da Sagiru. Inna ta ce ki kira ta ke ma, tun tana gani.

Taki ƙanwa,
Ajuma