Gyara Ba Ta Toshe Ɓula

Zuwa ga ƙanena Izzuddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyali kuna lafiya, Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan Illela sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma yi mana faɗa.

Tambaya gare ni, tunda kai ne mai aikin masana'anta a Legas, kuma matambayi ba ya ɓata. Ka san wata ƙungiya ta ba ni ɗinkin gidan sauro, wanda za a raba wa masu juna biyu a ƙauyukanmu, har na ɗauki mata suna taya ni. Da muka gama, jami'arsu ta zo duba kaya. Ba ta taɓa na sama ba, sai ta zari kaɗan daga tsakiyar diloli, nan ɗaya can ɗaya, tana ɗagawa a rana. A guda ɗaya ta ga inda zare ya tsallake, ɓular ba ta fi shigar yatsa ba. Nan take ta ce duka kayan ba su karɓu ba, kuma za ta dawo ranar Alhamis, in aka sake samu, aikin ya bar hannunmu.

Yayanmu Attahiru, da yake yana wurin, ya yi mata irin ta kasuwa, ya ce a cire wannan, mu ƙara mata gyara mai yawa. Ta ce jaririn da ya kwana a mai ɓula, gyarar da ke gidan wani ba za ta kare shi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma maganar ta ƙi barina. Na san wake ɗaya ke ɓata gari, to amma yaya 'yan kaɗan ke ba da shaidar waɗanda ba a buɗe ba? Ko kamar ɗanɗanon miya ne? In ta duba ba ta ga komai ba, shi ke nan babu? Ku ma haka ake yi muku?

Mun dai kwance diloli muna bi ɗaya bayan ɗaya, matan suna gunaguni, ni ma haka. Sai jiya Radiyya, 'yata da ke aure a Tozai, ta aiko cewa tana da ciki, an kuma rubuta ta cikin masu karɓa. Ban san wanne zai faɗo mata ba. Yau da safe na sake kwance waɗanda muka riga muka duba.

Ka gaida Ummul Khairi da su Ammar. Inna tana sa maka albarka.

Taka yayarka,
Sakinatu