Jan Rubutu a Baƙin Allo

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙafar taki, kina shafa maganin kuwa? Yaya Gimbiyata, tana barin ki ki huta? A gaishe min da Kawu da sauran mutan gida.

Na kama aiki lafiya. An ba ni tebur kusa da taga da sabuwar kwamfuta fil a kwalinta, abokan aiki sai barka suke yi min. Shugabar sashenmu ta ce gwaji nake yi: in rubuta wata ƙaramar manhaja ta yi aiki kafin ƙarshen wata, sai a tabbatar da ni. Da an tabbatar zan zo in ɗauko 'yata Gimbiya. Har na ga ɗaki mai 'yar baranda, ga gidan renon yara a bakin layin.

Sai dai Inna, ko layi ɗaya ban rubuta ba tukuna. Kafin a rubuta manhaja sai an girka wa kwamfuta harshen da za a yi mata magana da shi, da abin da zai fassara mata, da tarkacen da ke tafiya tare da su. Kamar ki tare a sabon gida ne, sai kin kafa murhu kafin a yi zancen ɗora tukunya. To ni murhun ne ya ƙi zama. In sauke wannan ya ce sai da wancan, in sauke wancan ya ce bai san wannan ba. Ina buga umarni a baƙin allo, jan rubutu yana zubo min sai ka ce na zage shi.

Ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Ƙarama

Innata,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kin samu sauƙi. Na ga hoton da Kawu ya turo. Yarinyar nan yaushe ta yi wannan tsawon?

Ni dai na gaji, ba zan ɓoye miki ba. Wata ya raba, ina nan inda kika bar ni. Duk wanda na kai wa kukana amsarsa ɗaya ce, wai a tasa kwamfutar komai lafiya lau. Dogo da ke gefena, wanda ake ce wa gwanin ofis, ya zauna a kujerata yana taunar biro, ya buga, ya goge, ya sake bugawa, sannan ya ce bari ya sha ruwa ya dawo. Da alama har yau bai ƙoshi ba.

A ƙarshe mai kula da na'urori ne ya fasa min ƙwan. Ashe a duk ofishin nan babu wanda ya taɓa girka kayan nan da hannunsa. Wani dattijo ne ya haɗa su a kwamfutarsa shekarun baya, ya yi ritaya ya tafi abinsa. Tun daga nan duk wanda aka ɗauka, sai a kwafe cikin tsohuwar gaba ɗaya a juye masa. Tawa ce ta farko da juyen ya ƙi shiga, don sabuwar ƙira ce. Abin da ake ta yi min barka a kai ke nan.

Idona yaji yake, wuyana ya ƙage. In na tashi daga aiki na bi ta gaban gidan renon nan, sai in kau da kai.

Ki shafa min kan Gimbiya.

Taki,
Ƙarama

Inna,

Barka da war haka. Yaya jiki, yaya hidima da rigimammiyarki? Allah ya saka miki.

Murhun ya zauna, kayan sun fara aiki. Laifina ɗaya, ina ta sauke sabon samfurin harshen don ina ganin sabo ya fi, alhali duk aikin ofishin a kan tsoho aka gina shi. Na nemo tsohon da ƙyar, na bi kayan haɗinsa ɗaya bayan ɗaya, na nuna wa kwamfutar inda kowanne yake. Da na buga umarnin ƙarshe, jan rubutu bai fito ba. Ko murna ban iya yi ba, kifa kaina kawai na yi a tebur.

Shugaba ta zo da kanta ta gani. Ta ce in manta da manhajar gwaji, an tabbatar da ni. Sannan ta ƙara da cewa za a sauya kwamfutocin dukkan rassanmu da irin tawa, kuma yanzu ni kaɗai ce na san yadda ake girka musu kaya. Daga mako mai zuwa zan fara bin rassa, yau ina wannan gari, jibi ina wancan, kwana a masauki. Na tambaye ta zuwa yaushe, ta ce ƙila baɗi war haka. Na yi mata godiya, Inna. Me zan ce?

Na gaya wa mai gidan hayar ya ba wani mutum ɗakin nan mai baranda. Kawu ya ce kin riga kin ɗaure kayan Gimbiya. Ki yi haƙuri ki kwance su. Kada ki faɗa mata komai, ni zan faɗa mata da bakina, in ta yarda ta karɓi wayar.

'Yarki mai kewarku,
Ƙarama